Garin Neman Rama: Tarihin Ƙuntata Ci Don Rage Ƙiba

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo tagar ba da magani ta asibitinmu karɓar magungunan maigidanta na wata. Da na gama yi mata bayani, sai ta zaro wani gwangwani daga jaka ta ajiye a gabana. "Ɗana, duba mini wannan," in ji ta. "An ce Alhaji ya bar tuwo da shinkafa ɗungurungum, ya riƙa dama wannan garin yana sha sau uku a rana har wata huɗu. Wai teɓar za ta zube, sugan ma ya tafi."

Na juya gwangwanin na yi lissafi, na ga abin da zai shiga cikinsa a yini bai kai kalori 500 ba. Na sake duba katinsa: yana shan glibenclamide saboda ciwon suga, ga kuma maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Na ce, "Hajiya, don Allah kada ya fara sai mun zauna da likitansa." Dalilin wannan roƙo nawa yana cikin wani tarihi na kusan shekara tamanin, wanda ya kamata masu fama da ƙiba da iyalansu su sani.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Baligi yana buƙatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a kowace rana. A wajen likitoci, duk tsarin cin da bai kai kalori 800 a yini ba, shi ake kira ƙuntataccen ci. Wannan ya sha bamban da azumin da muka sani, inda ake sahur ake kuma buɗa-baki. A nan ana nufin mutum ya yi makonni ko watanni a jere jikinsa bai samu ko rabin buƙatarsa ba.

Abin da yunwa ke yi wa jiki

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, masana sun rasa sanin yadda za a ciyar da miliyoyin mutanen da yunwa ta galabaitar a Turai. Saboda haka a shekarar 1944 wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya a Jami'ar Minesota ta Amurka, waɗanda suka amince a gwada yunwa a kansu. Tsawon mako 24 ana ba su kimanin kalori 1,570 a rana, galibi dankali da burodi da taliya, suna kuma tafiyar ƙasa.

Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, ita kanta zuciyar ta ƙanƙance, sanyi ya dame su ko da rani, ƙafafun wasu suka kumbura. Ƙunci da saurin fushi suka kama su, ba su da zance sai na abinci. Jikinsu ya rage ƙona ƙarfi da kusan kashi 40 cikin 100, kamar magidancin da ya tsuke bakin aljihu. A lura, abincin da ya jawo musu wannan ya ninka ƙuntataccen ci kusan sau biyu. Darasin da aka ɗauka shi ne, jikin da ke jin yunwa yana cin kitsensa, yana kuma cin tsokarsa, ita kuwa zuciya tsoka ce.

Zamanin hana ci baki ɗaya

Duk da haka, daga wajen 1959 wasu likitoci a Amurka da Birtaniya suka fara kwantar da masu matsananciyar ƙiba a asibiti suna hana su abinci gaba ɗaya, sai ruwa da bitamin. Wanda ya fi shahara shi ne Angus Barbieri, wani matashi ɗan ƙasar Sikotilan mai shekara 27. Daga 1965 zuwa 1966 ya yi kwana 382 ba ya cin komai, sai shayi da gahawa da ruwa da bitamin, likitoci suna auna jininsa a kai a kai. Ya sauko daga kilo 207 zuwa kilo 82.

Har yau ana yawo da labarinsa a intanet a matsayin hujja. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a daidai wannan zamani wasu sun mutu a kan irin wannan magani, wasu ana tsakiyar hana su ci, wasu kuma jim kaɗan bayan an dawo musu da abinci. Sannu a hankali likitoci suka watsar da hanyar.

A farkon shekarun 1970, George Blackburn da Bruce Bistrian na Jami'ar Harvard suka kawo gyara. Suka ce a ba majinyaci furotin mai kyau daga nama maras kitse da kifi da kaza, a haɗa masa da bitamin da gishirin jiki, domin jiki ya ci kitse ya ƙyale tsoka. Tsari ne na asibiti, ga zaɓaɓɓun majinyata. Sai dai bai daɗe ba ya faɗa hannun 'yan kasuwa.

Shekarar 1977

A 1976 wani likita a jihar Fensilbaniya mai suna Robert Linn ya wallafa littafi mai suna The Last Chance Diet, wato dama ta ƙarshe ga mai neman rama. Tare da littafin akwai wani ruwan furotin da ake kira Prolinn. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, kamfanoni suka yi ta fitar da irin nasu ruwan, ana sayarwa a kanti ba tare da takardar likita ba. Mutum zai yini a kan 'yan cokula, kimanin kalori 300 zuwa 400.

Da me ake yin ruwan? Da fatun dabbobi da jijiyoyi da sauran tarkacen mayanka, a narkar, a zuba masa ɗanɗano. Furotin ne irin na ganda, wanda ba shi da wasu muhimman sinadaran da jiki ke gina tsoka da su. Ga shi kuma babu isasshen fotasiyam da magniziyam da fosfet, waɗanda wutar da ke tafiyar da bugun zuciya ta dogara a kansu.

Kafin ƙarshen 1977 rahotannin mace-mace suka fara isa ga hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, har suka kai kusan 60. Masu bincike suka ware mutum 17 waɗanda ba su da wata cuta da za a ɗora wa laifi in ban da ƙiba, kusan dukansu mata. Yawancinsu sun yi wajen wata biyar a kan tsarin, sun zubar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu. Dukansu rikicewar bugun zuciya ce ta kashe su farat ɗaya. Da aka duba zukatan wasu daga cikinsu, an tarar tsokar ta zaizaye.

Abubuwa uku daga wannan bincike sun cancanci a riƙe su. Na farko, da yawa daga cikin mamatan suna ganin likita, wasu ma suna shan ƙarin fotasiyam, amma hakan bai cece su ba, domin cin ya yi ƙaranci ainun kuma lokacin ya yi tsawo. Na biyu, nazarin da aka sake yi daga baya ya nuna waɗanda ƙibarsu ba ta kai ta sauran ba su ne suka riga mutuwa, saboda mai ƙarancin kitse ya fi saurin cinye tsokarsa. Wannan gargaɗi ne ga 'yan mata da matan aure masu neman zubar da kilo biyar ko goma kafin biki. Na uku, haɗarin ba ya sallama. A 1980 likitoci a Jami'ar Rocesta suka sa mutum shida a kan irin wannan ruwa na kwana 40, suka maƙala musu na'urar da ke naɗar bugun zuciya dare da rana. Uku daga cikinsu sun samu rikicewar bugu mai haɗari wadda gwajin zuciya na yau da kullum bai gano ba.

A 1984 hukumar ta Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin irin waɗannan kayayyaki, cewa dogaro da su a ƙasa da kalori 400 a rana na iya jawo mummunar rashin lafiya ko mutuwa.

Gyara da sabon amfani

Kayan da suka biyo baya sun inganta. Aka koma furotin na madara da ƙwai da waken suya, aka ƙara ɗan sitaci da kitse da cikakken bitamin da gishirin jiki, aka kuma ɗaga yawan kalori. A 1988 fitacciyar mai shirin talabijin Oprah Winfrey ta jawo ɗan amalanke ɗauke da kitse kimanin kilo 30 a gaban masu kallo, daidai abin da ta zubar cikin wata huɗu tana shan irin wannan haɗi. Ba a daɗe ba nauyin ya dawo, kamar yadda ita kanta ta bayyana. A 1993 wani kwamitin masana na cibiyoyin lafiya na Amurka ya yanke cewa tsarin na masu ƙiba ta haƙiƙa ne, a ƙarƙashin kulawar likita, kuma a dogon zango bai fi rage ci na matsakaici amfani ba. A Birtaniya ƙa'idar ita ce kada a wuce mako 12.

Ko ingantaccen tsarin yana da nasa wahalhalu: jiri, ciwon kai, taurin bayan gida, jin sanyi, zubewar gashi, da tashin ciwon gaɓoɓi ga masu shi. Babba a cikinsu ita ce tsakuwar matsarmama. Idan mutum yana rama da sauri, hanta na zuba kitse mai yawa a cikin ruwan ɗaci, ita kuma matsarmama ba ta matsewa ta zubar da shi tunda babu maiƙo a abinci, sai ya daskare ya zama tsakuwa.

Maganar da aka faɗa wa Hajiya cewa suga zai tafi tana da tushe. A 2017 Roy Taylor na Jami'ar Niyukasil da Mike Lean na Jami'ar Gilasgo suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum kusan 300 masu ciwon suga nau'i na biyu, waɗanda ba su wuce shekara shida da ciwon ba kuma ba sa allurar insulin. An ba rabinsu haɗi mai kalori 825 zuwa 853 a rana na wata uku zuwa biyar, sannan aka dawo musu da abinci daki-daki. Bayan shekara ɗaya, 46 cikin 100 suganu ya daidaita ba tare da magani ba, alhali a ɗaya rukunin 4 ne kacal cikin 100. Bayan shekara biyu adadin ya sauko zuwa 36.

Wurin da ya shafi aikina shi ne wannan: tun ranar farko masu gwajin suka dakatar da magungunan suga da na hawan jini na waɗannan mutane, suka ci gaba da auna su. Wanda ya daina ci amma ya ci gaba da shan glibenclamide ko allurar insulin, suganshi na iya faɗuwa har ya suma. Wanda ke shan maganin sa fitsari, jininsa na iya sauka ya yanke jiki ya faɗi, fotasiyam ɗinsa kuma ya ƙare. Haka masu shan warfarin ko lithium, sai an sake duba musu awo. Amma kada kowa ya ajiye maganinsa da kansa, wannan hukunci ne na likita.

Komawa ga abinci ma tana da ƙa'ida. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka cika shi da sitaci lokaci guda, fosfet da fotasiyam na barin jini su shige cikin tsoka, zuciya ta rikice. Duk uwar da ta taɓa jinyar yaro mai tamowa ta ga wannan ilimi a aikace, domin da madarar F-75 mai sauƙi ake farawa kaɗan-kaɗan kafin a kai ga mai ƙarfi.

Wa ya kamata ya guje shi?

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yara da matasan da ke kan girma, da tsofaffi masu rauni, da masu ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta, da masu ciwon suga nau'i na ɗaya, da duk wanda ya taɓa fama da larurar ƙin cin abinci. Wanda kuma likita ya ɗora a kai, idan ya ji faɗuwar gaba, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya nufi asibiti nan take.

Bayan mako guda Hajiya ta dawo tare da Alhaji, muka zauna da likitansa. Gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta fara rauni, don haka aka ajiye gwangwanin. Aka rage masa malmalar tuwo zuwa rabi, aka ƙara ganye da wake da kifi, aka cire lemon kwalba da sukarin shayi, aka sa shi tattaki kowace yamma. Burin shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Hausawa na cewa garin neman ƙiba akan samo rama. Mutanen 1977 kuwa garin neman rama suka rasa rai. Duk wanda aka kawo masa irin wannan gari, ya kai shi asibiti tare da katin magungunansa kafin ya dama cokali na farko.

Allah Ya ƙara mana lafiya.