Katangar Eko Atlantic da Haƙƙin Jama'a na Isa Bakin Teku a Legas

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda aikin kare Tsibirin Victoria daga zaizayar teku ya sauya alaƙar mutanen Legas da gaɓarsu. Matsayinta shi ne, an ceci ƙasa da gine-gine, amma tsarin bai tanadar wa talaka hanyar isa ruwa ba.

Tushen zaizayar

Tun kafin a fara maganar ɗumamar yanayi teku ke cin gaɓar Legas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera dogayen shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe ta. A wannan yanki kuwa igiyar ruwa daga yamma take kwaso yashi zuwa gabas. Da aka tare shi, sai ya taru a yammacin mashigar, Bar Beach da ke gabas ta rasa abin da ke cike mata gurbi. Gwamnatoci sun yi ta zuba yashi, ruwa na kwashewa. Ga kuma ƙarin nauyi: rahoton kwamitin nazarin sauyin yanayi na IPCC na 2021 ya nuna tsayin ruwan tekun duniya ya ƙaru da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018.

Katanga da abin da ta haifar

A 2008 aka soma Eko Atlantic, haɗin gwiwar gwamnatin jihar Legas da kamfanin South Energyx. An tsara cike teku har murabba'in kilomita 10, tare da katanga mai tsawon kilomita 8.5, wadda aka lulluɓe da curin kankare masu nauyin tan biyar kowanne. Babu musu, ruwa ya daina malalowa titin Ahmadu Bello kamar da.

Sai dai Bar Beach ta tafi. Nan ne a da magidanci ke kai iyalinsa yawon Sallah ko Kirsimeti, nan masu hayar dawaki da masu talla ke samun na abinci. Yau yawancin wuraren shaƙatawa na kusa, irin su Elegushi, sai da kuɗin shiga. Wannan asara ce ta gaske, ko da yake ba a cika sa ta a lissafin injiniyoyi ba. A gabas kuma, mazauna Okun Alfa sun daɗe suna kukan cewa zaizayar ta ƙaura zuwa ƙofar gidajensu. Masu aikin sun musanta alhakin hakan.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A ganina wannan ya ba shi ikon gindaya wa duk mai neman izinin cike teku sharaɗi biyu: ya bar hanyar kyauta zuwa bakin ruwa, ya kuma ɗauki nauyin auna motsin yashi a ƙauyukan masunta da ke gabashin wurin aikin, a riƙa bayyana sakamakon kowace shekara.