Tohon ƙari a sankarar babban hanji da dubura

Tohon ƙari suna ne da likitocin nazarin tsoka suka ba ƙwayoyin sankara da suka ɓalle daga uwar ƙarin suka kutsa cikin naman da ke kewaye da shi. Toho ɗaya shi ne ƙwaya guda, ko gungun da bai wuce ƙwayoyi 4 ba. Idan gungun ya kai 5, wani rukuni ne dabam. Galibi a gefen ƙarin ake samunsu, daidai inda cutar ke cin bangon hanji tana nitsawa.

Likitocin Japan ne suka fara mai da hankali a kansa. Imai ya bayyana shi a 1954, sannan a 1993 Hase da abokan aikinsa suka nuna cewa yawan toho yana tafiya da munin makomar masu sankarar hanji. Sai dai an daɗe kowane ɗakin bincike yana ƙirga ta hanyarsa, har sai da masana suka taru a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 2016 suka tsayar da ƙa'ida ɗaya.

Ga yadda ƙa'idar take. Ana yanko tsokar siriri, a rina ta da rinin hematoksilin da iyosin, a ɗora a kan gilashi a duba da madubin likita. Likita zai bi gefen ƙarin har ya gano wurin da tohon ya fi cunkoso, sai ya ƙirga a fili ɗaya mai faɗin murabba'in milimita 0.785. Daga 0 zuwa 4 mataki na ƙasa ne, 5 zuwa 9 na tsakiya, 10 zuwa sama kuma mataki mai tsanani.

A wurare biyu wannan lissafi ya fi tasiri. Na farko, ƙaramin ƙarin da aka cire ta na'urar leƙa hanji, wanda bai wuce shimfiɗar da ke ƙarƙashin fatar cikin hanji ba. Idan tohon ya kai matakin tsakiya ko sama, akwai fargabar cutar ta riga ta isa kaluluwa, don haka ƙa'idojin Japan suka sa shi cikin dalilan da za su sa a duba yiwuwar ƙarin tiyata. Na biyu, sankarar mataki na 2, wadda ba ta taɓa kaluluwa ba. A nan toho mai tsanani alama ce ta haɗarin dawowar cutar, kuma yana cikin abubuwan da ake aunawa kafin a yanke shawarar ba da kemoterafi bayan tiyata.

Ƙwayoyin toho sukan rage sinadarin E-cadherin, wanda ke manne ƙwaya da 'yar'uwarta, shi ya sa suke iya saki su yi tafiya. Ba su cika rarrabuwa da sauri ba. Aikinsu kutse ne.

Raunin ma'aunin shi ne da ido ake yinsa. Kumburi kan farfasa ƙarin, gutsattsarinsa su yi kama da toho alhali ba shi ba ne, kuma likitoci biyu kan duba gilashi ɗaya su fito da adadi daban. Rinin sitokeratin yana fito da ƙwayoyin sarai, amma yakan kumbura lissafin. A ƙarin da aka riga aka yi wa gashi ko magani kafin tiyata kuwa, ƙa'idar Bern ba ta ba da shawarar a dogara da wannan ƙirga ba.