Daga Zauren Maɗori Zuwa Asibitin Dala: Tarihin Maganin Ciwon Gaɓɓai a Ƙasar Hausa

Ɗori, wato sana'ar mayar da karyayyen ƙashi mazauninsa a ɗaure shi har ya kama, yana daga cikin tsofaffin sana'o'in warkarwa a ƙasar Hausa, kuma galibi gado ne da ɗa yake koya a gaban mahaifinsa, ta yadda a garuruwa da dama akan naɗa sarkin ɗori kamar yadda ake naɗa sarkin aska da sarkin maƙera. Maɗori yakan lalubi wurin da hannu, ya ja ƙashin ya daidaita shi, ya shafa man shanu ko man kaɗanya da aka yi wa tofi, sannan ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Ya bambanta karaya da tsagewar ƙashi, ya kuma bambanta su da targaɗe, wanda rauni ne a jijiyoyin da suka riƙe gaɓa, da gocewa, inda kan ƙashi yake fita daga gurbinsa.

Adalci ne a faɗi cewa wannan sana'a ta yi wa al'umma aiki ƙarnuka masu yawa, domin dogon ƙashin da ya karye a tsakiya ba tare da ya huda fata ba yakan haɗe da kansa muddin aka daidaita shi aka hana shi motsi, musamman a jikin yaro. Inda hannun maɗori ya kasa kaiwa shi ne cikin gaɓa, wato mahaɗar ƙasusuwa irin su gwiwa da ƙugu da kafaɗa, inda kan kowane ƙashi yake lulluɓe da guringuntsi mai santsi wanda ba shi da hanyoyin jini, saboda haka idan ya lalace da wuya ya farfaɗo. Gaɓar da aka ɗaure tsawon makonni takan sandare, karayar da ta ratsa cikinta kuma takan bar mutum da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Ciwon da ya taso daga cikin gaɓar ba tare da faɗuwa ba, wanda ake kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi, akan kai shi wurin wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, abin da kan rage raɗaɗi na ɗan lokaci amma ba ya taɓa tushen cutar.

Sauyin da ya zo daga waje ya tsaya ne a kan abubuwa biyu: ɗaurin filasta, wanda likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1850, da hoton ƙashi, wanda ya samu bayan binciken Wilhelm Röntgen a Jamus a 1895. A Najeriya, asibitin ƙashi na farko shi ne na Igbobi a Legas, wanda ya faro a matsayin wurin jinyar sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu, sai kuma gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata a Dala, cikin birnin Kano, a 1959. Doka mai lamba 91 ta 1979 ce ta haɗa waɗannan biyu da na Inugu a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta gwamnatin tarayya.

Cututtukan da likitocin Dala suka tarar sun nuna girman abin da ɗori bai taɓa iya magancewa ba. Akwai shan inna, wadda ta shanye ƙafafun yara masu ɗimbin yawa har gaɓoɓinsu suka ƙage a lanƙwashe, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Akwai tarin fuka da ke cin ƙashin baya har ya fito da doro, wani lokaci ya kashe ƙafafu. Akwai kuma amosanin jini, wato sikila, wanda yake toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai ƙashin ya mutu ya ruguje a cikin ƙugun matashin da bai wuce shekara ashirin ba. Wannan shi ne mafi ban tausayi, domin maganinsa na ƙarshe shi ne a sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba, aikin da John Charnley ya inganta a Ingila a farkon shekarun 1960, wanda har yau kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka.

Asibitin bai kawar da maɗora ba, domin suna kusa da jama'a, aikinsu yana da rahusa, ga kuma tsoron da ya kafu a zukata cewa asibiti wurin yanke ƙafa ne. Sai dai sau da yawa ɗaurin da ya yi tsanani ne yake tsayar da jini har naman ya ruɓe, a kawo majinyaci a makare lokacin da babu abin da ya rage sai yankewa, sannan laifin ya koma kan likita. Yawaitar haɗarin mota da na babur ta kuma kawo irin karayar da magabatan maɗora ba su saba gani ba, wadda ƙashi yake farfashewa ya huda fata. Abin da ya wajaba a kan hukumomin lafiya shi ne su jawo sarakunan ɗori su horar da su a kan gane karayar da ta shiga gaɓa, da buɗaɗɗen rauni, da ƙafar da ta fara sanyi ko canza launi, domin su tura mai ita asibiti a ranar da aka kawo shi.