Magungunan ofiyoyid ga yara da matasa

Ofiyoyid rukuni ne na magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi. Wasu ana samo su daga tsiron ofiyam, kamar mofin da kodin, wasu kuma ana harhaɗa su ne a masana'anta, kamar taramadol da fentazosin. Suna aiki a ƙwaƙwalwa da laka, inda suke dusashe jin zafi. A can ne kuma suke iya rage numfashi, shi ya sa ba a ba yaro su sai da takardar likita, kuma gwargwadon nauyin jikinsa.

Amfaninsu

Ana ba yara ofiyoyid idan ciwo ya fi ƙarfin farasitamol da ibufurofen, misali bayan tiyata, ko karaya, ko ƙuna, ko ciwon daji, ko tashin sikila. Wannan na ƙarshe ya shafi Najeriya ƙwarai, domin ana ƙiyasin kimanin jarirai 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar duk shekara. Ga ciwo mai tsanani, mofin ne likitocin yara suka fi dogara da shi, saboda an san yadda ake auna shi da yadda yake aiki. Barin yaro cikin azaba don tsoron maganin shi ma cutarwa ce.

Haɗarin kodin da taramadol

Kodin ba ya kashe ciwo sai hanta ta mayar da shi mofin ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6. Gudun wannan aiki gado ne. Hantar wani tana jinkiri, maganin ya tashi a banza. Ta wani kuma tana sauri, mofin ya taru a jini har numfashi ya tsaya. Ba a gane hakan da ido. Taramadol ma ta wannan hanya yake bi, kuma yakan jawo jijjiga.

A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin don ciwo. A watan Afrilun 2017 hukumar FDA ta Amurka ta hana kodin da taramadol ga masu waɗannan shekaru, ta kuma hana taramadol ga 'yan ƙasa da 18 da aka cire wa tansil na maƙogwaro.

A Najeriya

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda matasa suke shan sa, musamman a Kano. Hukumar NAFDAC ta amince da taramadol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma hukumar NDLEA takan kama masu 200 da 225 da ake fasa-ƙwaurinsu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin UNODC a 2018 ya gano mutum miliyan 4.6 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ofiyoyid ba don magani ba.

A ƙananan hukumomi irin su Tambuwal da Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, kemis ya fi asibiti kusa da yawancin ƙauyuka. Sai dai doka ba ta ba mai kemis izinin sayar da irin waɗannan magunguna ba. Yaron da ciwonsa ya tsananta asibiti ya kamata a kai shi, kuma idan abin ya fi ƙarfin babban asibitin yankin akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Ƙa'idojin kiyayewa

Likita kan fara da mafi ƙarancin ma'aunin da zai yi aiki, na 'yan kwanaki. Ba a haɗa ofiyoyid da maganin barci. Ba a ba yaro ragowar maganin wani, kuma a gida ana kulle shi inda yara ba za su kai ba. Wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa kwatsam, a hankali ake ragewa. Matashin da ya saba da allurar fentazosin saboda sikila yana iya kamuwa da jarabarta, don haka yana buƙatar bibiyar likita.

Alamomin maganin ya yi yawa su ne barci mai nauyi da ba a iya tada yaro daga gare shi, numfashi a hankali, tsukewar ƙwayar ido, da sauyin launin leɓe. Idan aka ga haka sai a garzaya asibiti, inda ake karya ƙarfin maganin da allurar nalokson.