Nana Asma'u, Kakar Waziran Sakkwato

Galibin mutane ba su san kome game da kakanninsu mata ba sai suna, wani lokaci ko sunan ma ya ɓace, sai laƙabi. Dalili kuwa shi ne masu rubuta tarihi sun fi kula da sarakuna da yaƙe-yaƙe, matan cikin gida kuwa labarinsu a baka yake, in tsofaffi suka ƙare sai ya bi su. Amma akwai gida guda a Sakkwato, watau gidan Waziri, wanda ya san kakarsa sani na sosai, har da halinta, domin ita da kanta ta bar musu takardu.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel wajen shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sai a ce da ita Usaina, amma Shehu ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar. Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin 1804. Saboda haka ƙuruciyarta a kan hanya ta ƙare, tsakanin yunwa da ƙaura da jana'iza, har aka ci Alƙalawa cikin 1808. Cikin wannan hali ne aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Lema, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Ɗansu Abdulƙadir shi ma ya yi waziranci, sarautar kuwa ta zauna a gidan.

Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya rage na ayyukanta ya kai kamar sittin. Wannan sananne ne. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne waɗanda ta zaɓa ta yi wa makoki, nan kuwa ne halinta ya fi fitowa fili.

Ta yi wa manya waƙar ta'aziyya, kamar yadda ya kamata ga 'yar Shehu. Sa'ad da Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno cikin 1837 ta yi masa, ta kuma yi wa mijinta. Ga shi Bello jarumi ne wanda ya ci yaƙin Gawakuke shekara guda kafin rasuwarsa, duk da haka da ta zo bayyana halinsa, ilminsa da adalcinsa da tausayinsa ta fi tsayawa a kai. To, amma ba nan ta tsaya ba. Ta yi waƙa ga wata maƙwabciyarta mai suna Halima, wadda ba ta da sarauta, ba ta shahara da kome ba sai kirki da riƙon zumunci. Ta yi wata ga Zaharatu, mace mai zuwa wurin masu naƙuda da wankan gawa duk sa'ad da aka kira ta, tana kuma koya wa jahilai addini. Ba don waɗannan waƙoƙi ba, da yau babu mai sanin an taɓa yin waɗannan mata a duniya. Mai karatu ya auna da kansa: mace ce wadda malamai ke aiko wa wasiƙa daga nesa, amma ta zauna ta tsara baitoci saboda ungozoma. Wanda ya yi haka ba ya raina aikin kowa. Ta kuma yi wa Aisha, matar Bello, ƙawarta tun ƙuruciya, wannan kuwa kukan kewa ne tsantsa, na tsohuwa wadda sa'o'inta suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne karantar da matan ƙauye. Bayan jihadi ƙasa ta cika da mata waɗanda ba su san ko yadda ake alwala ba, da yawansu kuma suna riƙe da bori. Asma'u ba ta aika a kore su ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfa kuwa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar masu bori, saboda haka matan ƙauye suna ganinta sun san mai ita shugaba ce. Wannan dabara ce ta wadda ta san mutane. Jaji takan taho Sakkwato a ƙasa tare da ƙungiyarta, 'yan mata ƙanana da tsofaffi, gama matan aure suna da hidimar gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Sukan haddace waƙoƙin da ta tsara a kan salla da tauhidi da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'an nan su koma su koya wa na gida. Domin su ne ta riƙa rubutu da Hausa, har ta juya waɗansu waƙoƙin Shehu daga Fulatanci.

Ta rasu wajen 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, Allah ya jiƙansu. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru. Takardunta kuwa suka zauna a gidan Waziri, ana kwafe su daga hannu zuwa hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda aka naɗa cikin 1948, ya rasu cikin 1997. Shi ne ya buɗe su ga wata malama Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ta buga tarihin Asma'u cikin 1989, sa'an nan cikin 1997 ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan cikin littafi guda, tare da fassararsu da Turanci.