Sassaƙar Akushi da Kayan Girki a Zariya: Daga Gizago zuwa Inji

Sassaƙa ita ce sana'ar sarrafa itace a mayar da shi kayan gida da na gona. A ƙasar Zazzau, kamar sauran ƙasar Hausa, sana'ar gado ce. Yaro kan tashi ya tarar da mahaifinsa da gatari da gizago, ya fara da ƙotar fartanya da muciya, sai ya ƙware sannan a bar shi ya taɓa turmi ko akushi.

Masassaƙi na gari daga itace ake gane shi. Ƙirya ce kan gaba wajen turmi da taɓarya saboda taurinta, gara ma ba ta cika cin ta ba, taurin nan ne kuma ya sa maƙera ke rububinta don gawayi. Ana kuma aiki da maɗaci da kaɗanya da ƙawo, allon karatu kuwa aka fi yin sa da aduwa. Akushi shi ne ma'aunin gwaninta. Ana rarake shi tun itacen yana ɗanye, a kankare bangonsa har kaurin ya daidaita, a shanya a inuwa don kada ya tsage, sannan a babbaka shi ya yi baƙi, a shafe shi da mai. Itace ba ya saurin sakin zafi, saboda haka tuwon maigida kan jira shi da ɗuminsa har bayan sallar isha'i. Duk wannan da ido da hannu ake yi, babu abin da ke juya itacen.

Injin da ke juya itace mai aiki yana gurza shi da kurfi daɗaɗɗen abu ne a duniya. Akwai zanensa a kabarin Petosiris a Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau a kasuwar Marrakesh ta Maroko ana ganin masu juya itace da baka da tsirkiya, suna tallafe kurfin da yatsun ƙafa. Masassaƙan Hausa ba su bi wannan hanya ba, gizago ya wadatar da su.

Sauyi ya biyo layin dogo ne. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran sassa. Tare da su aka sami kafintoci da zarto da ƙusa da katakon da aka yanko daga dazuzzukan kudu. Samaru kuma ta girma da tashar binciken aikin gona ta 1922, da kwalejin da sashenta na zane-zane ya taso daga Ibadan a 1955, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ofisoshi da gidajen ma'aikata na bukatar tebur da kujera da gado, kuma a nan injin juya katako ya sami aikin yi: ƙafafun kujeru, sandunan gado, makarin bene. Kayan girki ba su dame shi ba sosai, in ban da muciya da maburgi da ƙananan turame na dakan yaji.

Kuskure ne a ce inji ne ya kori akushi. Kwanon shago ne ya kore shi. Da langa da tasa da samira masu fenti suka cika kasuwa, jeren ɗakin amarya ya koma nasu, domin suna ƙyalli, suna nuna arziƙin iyaye, ga sauƙin wanki. Daga baya roba da kula suka ƙarasa aikin. Turmi da taɓarya da muciya ne suka tsira, don tuƙin tuwo da sussuka da dakan sakwara ba su sami madadin da mata suka yarda da shi ba.

An sami wata dama a shekarun 1980, lokacin da tsarin ilimi na 6-3-3-4 ya shigar da koyon fasaha cikin ƙananan makarantun sakandare, gwamnati ta shigo da injinan aikin katako da na ƙarfe. A makarantu da yawa rashin wuta da rashin malamai suka bar su cikin akwatunansu. Wannan asara ce babba, domin ɗaliban da za su haɗa ilimin itace na gado da saurin inji ba su samu sun taɓa shi ba.

A Amurka da Ingila gurza kwanon itace ya zama abin sha'awa na ma'aikata da 'yan fansho, har Amurkawa suka kafa masa ƙungiya ta ƙasa a 1986. A Samaru da Sabon Gari kuwa har yanzu gurza katako neman abinci ne, kuma tsadar inji da ɗaukewar wuta na hana mai sha'awa farawa. Ga kuma ƙarancin itace: ƙirya da maɗaci sun ja baya saboda gawayi da faɗaɗa gonaki, kafintoci sun koma kan malaina da dalbejiya da bishiyar turare. Akushin da ake gani yau galibi a gidajen sarauta ne, da wuraren baje kolin al'adu, da gidajen abincin gargajiya da suka dawo da zuba tuwo a cikinsa.