Afuwar da ta zo bayan mutuwa

Ya kai mai karatu, ka taɓa jin an yafe wa mutum laifi bayan ya daɗe a kabari? To, an yi haka a ƙasar Amurka, cikin wata jiha ta manoma da makiyaya da ake kira Montana.

Ka san babban yaƙin Turawa na farko, na 1914 zuwa 1918, wanda Faransa ta kwashi samarin ƙasashenmu soja dominsa. Amurka ta shiga yaƙin a 1917, tana faɗa da Jamus. A Montana kuwa akwai manoma da yawa ƴan asalin Jamus. Sai maƙwabta suka fara kallonsu da zargi.

A watan Fabrairu na 1918 majalisar jihar ta kafa doka. Duk wanda ya faɗi maganar ɓatanci a kan gwamnati, ko soja, ko tutar ƙasa, ana iya ɗaure shi har shekara 20, ko a ci shi tarar dala 20,000. Aka hana wa'azi da karantarwa da harshen Jamus. Mutum 79 aka samu da laifi, 41 daga cikinsu suka shiga gidan kaso na garin Deer Lodge.

Kada ka yi tsammani bindiga suka ɗauka. Baki kawai suka buɗe, yawanci a wurin hira ko wurin shan giya, wani ya ji ya kai tsegumi. Akwai wani ɗan kasuwa, Ben Kahn, da ya yi wa dokar tsimin abinci ta lokacin yaƙi ba'a. Alƙali ya yanka masa shekara 7 da rabi zuwa 20. Kai da kake zama gindin bishiya ran kasuwa kana kukan haraji, auna ka gani.

Labarin Herman Bausch ya fi ban tausayi. Manomi ne kusa da garin Billings, haifaffen Jamus, kuma ba ya son yaƙi ko na wane ne. Gwamnati tana neman rancen kuɗi daga talakawa don yaƙin, shi kuwa ya ƙi bayarwa. Mutanen gari suka zo gonarsa suka yi masa barazana, daga baya aka kai shi gaban alƙali. Ya yi wata 28 a kaso. Yana ciki ƙaramin ɗansa ya rasu.

Yaƙi ya ƙare, aka saki mutane, amma sunan maci amanar ƙasa bai fita ba. Wasu gidaje suka watse, wasu suka rasa gonakinsu. Da yawa suka rufe bakinsu don kunya, har jikoki suka tashi ba su san abin da ya sami kakansu ba.

Sai wani malamin jami'ar Montana, Clemens Work, ya tono tsofaffin takardun shari'a, ya rubuta littafi a 2005. Ɗalibai masu koyon aikin lauya suka ɗauki maganar. Suka bi sawun dangi ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta takardar neman afuwa.

Ran 3 ga Mayu 2006, a birnin Helena, gwamna Brian Schweitzer ya sa hannu a takardar afuwa ta mutum 78. Ɗayan an riga an yafe masa tun da daɗewa. Gwamnan shi ma jikan masu jin harshen Jamus ne, kuma ya roƙi iyalan gafara da bakinsa. A nan ni na ga gaskiya, don waɗannan mutane ba su yi abin da za a yafe musu ba. Hukuma ce ta yi kuskure.

Za ka ce, shekara 88 ta wuce, me takarda za ta yi wa matacce? Ba za ta maido da gona ba, ba za ta maido da yaron Bausch ba. Amma ka san yadda gori yake bin gida, har wurin neman aure a ce kakan wane ya yi kaso. Ƴar Bausch, tana tsohuwa, ta ga ranar da idonta. Ita da sauran ƴaƴa da jikoki suka koma gida da takarda mai sa hannun gwamna, wadda za su iya nuna wa duk wanda ya tambaya.